Jinga Ko Aikin Gida? Sharhi a Kan Aikin da Ake Ba Ɗaliban Sakandare a Ƙasar Gezawa

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami malamin sakandare wanda bai saba rufe darasinsa da ba ɗalibai aikin da za su tafi da shi gida ba, kuma da wuya mai duba makarantu ya amince da tsarin darasin da ba a rubuta wannan aiki a ƙarshensa ba. Saboda tsananin sabo da shi, an daina tambayar abin da ake nufi da shi, da abin da ake sa ran zai haifar, da kuma wanda ya kamata ya ɗauki nauyinsa. Manufar wannan maƙala ita ce a yi sharhi a kan wannan aiki, musamman a darasin Hausa, a kuma auna shi da rayuwar ɗaliban ƙasar Gezawa ta Jihar Kano. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, an gaji wannan aiki ne daga makarantar kwana, aka aika da shi gidan manomi ba tare da an dubi halin da gidan yake ciki ba, sa'an nan idan ya dawo aka rasa mai duba shi. Za a fara da sunayen da ake kiransa da su, domin a cikinsu ne matsalar ta fara bayyana.

2.0 Sunaye Biyu

Akwai kalmomi biyu da malamai suke amfani da su, watau aikin gida da kuma jinga. Kowace daga cikinsu tana da ma'anar da ta riga makarantar boko zuwa. A bakin Bahaushe aikin gida shi ne shara da wanke-wanke da ɗebo ruwa da surfe da girki da reno. Idan uwa ta ce 'yarta ba ta gama aikin gida ba, babu wanda zai kawo littafi a ransa. Ke nan ɗalibar da ta dawo daga makaranta tana tarar da aikin gida iri biyu, ɗaya na malami, ɗaya na uwa, kuma wanda yake da mai tsaya masa a kusa shi ne yake cin nasara.

Ita kuwa jinga kalma ce ta ƙwadago. Mai gona yakan kai ɗan ƙwadago bakin gona, ya nuna masa daga inda zai fara zuwa inda zai tsaya, su yi ciniki, su daidaita a kan lada. Idan aiki ya ƙare, mai gona zai zo ya zaga, ya ga ko an bar ciyawa a gindin shuka, kafin ya biya. Sharuɗɗa uku ne ke nan a cikin jinga: a san iyakar aiki, aikin ya zama daidai ƙarfin mai yinsa, sa'an nan mai aiki ya zo ya duba. Masanan da suka aro wannan kalma domin aikin makaranta sun dace ƙwarai, kuma da waɗannan sharuɗɗa uku ne za a auna abin da ake yi a makarantu.

3.0 Asalin Al'adar

Ilimin boko ya shigo Arewa ne ta ƙofar makarantar kwana. Tun daga Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 har zuwa makarantun midil na larduna, ɗalibi yana barin gidan ubansa ne ya koma hannun hukumar makaranta dare da rana. A irin wannan makaranta aikin da malami ya bayar ba ya zuwa gidan kowa. Ana yinsa ne a lokacin da ɗalibai suke kira firef, watau zaman nazari na yamma ko na dare, a cikin aji, a kan tebur, ga fitila, ga littafin da makaranta ta raba, ga malami ko babban ɗalibi yana zagayawa domin kada a yi surutu. Makaranta ce take ba da aikin, ita ce kuma take tanadar lokaci da wuri da haske da kayan yinsa.

Al'amura sun sauya bayan da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976. Yaran da suka shiga aji ɗaya a wannan shekara sun kammala a 1982, lokacin da aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4, kuma babu yadda makarantun kwana za su ɗauke su duka. Daga nan makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita har cikin ƙauyuka. Wannan ci gaba ne babba, domin ya kai sakandare ƙofar talaka. To, amma malaman da aka tura waɗannan makarantu mafi yawansu 'yan makarantar kwana ne, saboda haka suka ci gaba da ba da aiki irin wanda aka ba su, alhali kuwa tebur da fitila da mai tsaro duk an bar su a baya.

An ga yadda wannan bambanci yake a fili a watan Fabrairu na 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Kano ta ba da umurnin rufe makarantun kwana goma saboda fargabar satar ɗalibai, bayan abin da ya faru a Jangebe ta Jihar Zamfara. Biyu daga cikinsu, watau sakandaren 'yan mata ta Gezawa da ta Jogana, suna cikin wannan ƙaramar hukuma. Yarinyar da aka ware wa lokacin nazari kowace rana sai ga ta a tsakar gida, inda babu ƙararrawar da take raba lokacin karatu da na girki.

4.0 Gidan da Ake Aika Aikin

Ƙaramar Hukumar Gezawa tana da faɗin murabba'in kilomita 340, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 282,069, watau sama da mutum 800 a kowane murabba'in kilomita. Tana cikin yankin nan mai cunkoson jama'a da ya kewaye birnin Kano, wanda Michael Mortimore ya fara nazarinsa tun shekarun 1960. Ƙauyen Tumbau na wannan ƙasa yana cikin wuraren da shi da William Adams suka yi bincike a kansu, suka fitar da littafinsu a 1999. Abin da aka tabbatar game da noman wannan yanki shi ne, ba a barin gona ta huta. Kowace shekara ana noma ta, kuma abin da yake riƙe da ita shi ne taki da kiwo da yawan hannuwa. Ɗalibin sakandare, mai shekara 12 zuwa 18, yana cikin waɗannan hannuwa.

Idan aka ɗora kalandar makaranta a kan ta manomi sai a ga inda suke karo. Zango na uku yana faɗawa ne a kan saukar damina, lokacin shuka da noman firi da maimai, lokacin da ake ɗaure awaki da tumaki a gida, sai an yanko musu ciyawa safe da yamma. A daidai wannan lokaci ne kuma ake rubuta jarrabawar WAEC da ta NECO. Zango na ɗaya yana haɗuwa da kaka, daga girbin gero da cirar gyaɗa zuwa roron wake da yankan dawa da ɗaurin harawa. Zango na biyu ne kawai, watau rani, yake da ɗan sarari, ko da yake shi ma akwai kai taki gona. Amma malami yana ba da aiki iri ɗaya, mai nauyi ɗaya, a zangunan nan uku.

Yinin ɗalibi shi ma a cike yake. Yakan taso daga makaranta wajen azahar, wani ma sai ya yi tafiya mai nisa a ƙasa ko a kan keke. Bayan la'asar akwai makarantar Islamiyya, wadda ita ma take ba da nata hadda. Rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da bakwai duk shekara, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce, sai fitilar hannu ko hasken wayar wani yaya. Game da 'ya mace kuwa, nazarin da Enid Schildkrout ta yi a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna cewa yara su ne ƙafafun matan aure da suke cikin kulle, su ne masu aike da talla da sayo cefane, kuma wannan bayani yana da sauran ƙarfi a karkara. Ba ƙin karatu ne ya sa iyaye suke sa yara waɗannan ayyuka ba. Da su ne gida yake tsaye, kuma daga cikinsu ne ake samun kuɗin littafin rubutu da na kayan makaranta.

5.0 Irin Tambayoyin da Ake Bayarwa

Idan aka buɗe littafin aikin ɗalibi a darasin Hausa, tambayoyin da aka fi cin karo da su iri uku ne. Iri na farko shi ne na kawo ma'ana da lissafo rabe-rabe, alal misali a ce ya kawo ma'anar adabi, ko ya lissafo ire-iren suna, ko ya faɗi rukunonin waƙoƙin baka. Amsar irin wannan tambaya tana cikin littafin karatu ko cikin bayanin da malami ya rubuta a allo. Wanda yake da littafi zai kwafa daga littafi, wanda ba shi da shi zai kwafa daga abokinsa da safe kafin a shiga aji, wanda kuma ya sami waya zai kwafo daga intanet. Duka ukun sun yi aiki ɗaya, watau sun ɗauke rubutu daga wata takarda sun mayar wata, ba tare da ya ratsa ta cikin tunaninsu ba.

Iri na biyu shi ne na littattafan adabi. A nan akan ce ɗalibi ya taƙaita labari, ko ya kawo sunayen taurari. A ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam a matsayin misali. A littafi na ɗaya aku yana ba Musa ɗan sarki labarai ne domin ya hana shi fita daga gida, saboda makircin da waziri ya ƙulla bayan sarki ya tafi yaƙi. Ke nan kowane labari yana da aikin da yake yi a daren da aka ba da shi. Tambayar da za ta sa ɗalibi ya yi tunani ita ce a ce ya bayyana dabarar da aku ya bi har ya riƙe yaron da zuciyarsa take waje, ko ya kwatanta wannan dabara da wadda kakarsa take bi idan tana so ta zaunar da jikoki da dare. Tambayar taƙaitawa ba ta kai ga wannan ba, kuma ta ɗauka cewa kowane ɗalibi yana da kwafin littafin a gida, alhali sau da yawa kwafi kaɗan ne suke yawo a aji guda.

Iri na uku shi ne insha'i. Kanun da ake bayarwa sun tsufa a hannun malamai, kamar yadda ɗalibi ya yi hutunsa, ko ranar da ba zai manta da ita ba, ko ziyarar da ya kai gidan namun daji. An gaji waɗannan kanu ne daga darasin Ingilishi. Yaron da ya yi hutunsa a bakin kunya da fartanya a hannu yakan ɗauka cewa wannan bai isa a rubuta ba, saboda haka sai ya ƙirƙiro tafiyar da bai yi ba, da kalmomin da ba nasa ba. Hasarar da ake yi a nan ta wuce ta maki, domin yaron yana koyon cewa rubutu wuri ne na abin da ba a sani ba, kuma abin da ya sani ba shi da daraja a takarda.

6.0 Dubawa da Maki

Sharaɗi na uku na jinga, watau mai aiki ya zo ya duba, shi ne ya fi shan wuya. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi ɗalibai 40 ga malami ɗaya a ajin sakandare, amma cunkoso ya wuce haka a makarantun gwamnati da yawa, kuma ƙarancin malamai da azuzuwa yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024. A ƙaddara malamin Hausa yana da aji biyar, kowane aji da ɗalibai 80. Aiki ɗaya zai tara masa littattafai 400. Idan ya ba kowane littafi minti uku kacal, zai bukaci awa 20, ban da koyarwa da shirya darasi. Malamin da yake cikin wannan hali ba shi da zaɓi illa ya ja jan biro a ƙasan shafi, ya rubuta cewa ya gani, ya sa hannu.

A darasin harshe wannan babbar illa ce. Ɗalibin da yake rubuta "yace" a maimakon "ya ce", ko "dashi" a maimakon "da shi", ko yake zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kamar yadda ya saba a saƙon waya, ba zai daina ba sai an nuna masa. Idan aka sa hannu a ƙasan kuskure, an ba kuskuren takardar shaida ke nan, kuma yawan aikin da ba a gyara ba sai dai ya ƙara kafa shi.

Bugu da ƙari, tsarin ilimi na ƙasa na 1977, wanda aka sake dubawa a 1981, ya kawo awon ɗalibi a kai a kai a cikin zango, domin kada makomar yaro ta rataya a kan jarrabawar rana ɗaya. Niyya ce mai kyau. Sai dai da jinga ta shiga cikin abubuwan da ake tara maki da su, sai matsayinta ya sauya. Ta tashi daga wurin da ɗalibi zai gwada ya yi kuskure a gyara masa, ta koma wurin da kuskure yake jawo hasara. Mai hankali kuwa ba zai kai abin da yake shakka a kansa inda za a rage masa maki ba, gara ya kwafi na wanda ya iya. Haka kuma makin da aka bayar a kan aikin da aka yi a gida yana auna gidan ne tare da yaron. Ɗan ma'aikaci mai fitila da littafi da yaya ɗan jami'a zai riƙa gaba, ɗan manomi yana baya, a rubuta wannan a takardar sakamako da sunan ƙwazo. Rahoton da ƙungiyar OECD ta fitar a 2014, bisa gwajin PISA na 2012, ya nuna cewa ko a ƙasashe masu arziki 'ya'yan masu hali sun fi samun lokacin aikin gida, kuma bayan kimanin awa huɗu a mako ƙarin lokaci ba ya ƙara wani abin kirki.

7.0 Ma'aunin da Yake Gida

Ba sai an je nesa ba kafin a sami tsarin da ya cika sharuɗɗan jinga. A makarantar allo ba a yi wa almajiri ƙari sai ya biya abin da yake kan allonsa malam ya ji, kuma ba ya wanke allo sai da izini. Abin da ake ba shi daidai ƙarfinsa ne, wani aya biyu, wani sumuni. Gardi mai neman hadda yakan keɓe ya yi tilawa shi kaɗai, ya rubuta allonsa, sa'an nan ya kawo shi zaman darasu a bi shi baƙi da wasali a gyara. A makarantar ilimi ɗalibi yakan yi muɗala'ar abin da zai karanta kafin ya zo gaban malam. A duk waɗannan matakai aikin kaɗaici yana da ƙofar da yake komawa, kuma ba maki ake nema da shi ba, iyawa ake nema. Ɗaliban Gezawa da iyayensu sun san wannan tsari tun suna ƙanana.

Haka nan a harkar noma. A tsarin gandu saurayi yana aiki a gonar mahaifinsa tare da 'yan'uwansa, a ƙarƙashin idon maigida, amma akan yanka masa gayauna wadda zai riƙa nomawa da yamma ko a ranar da ba a fita gandu. A gayauna ne yake koyon yanke shawara da kansa, abin da zai shuka da lokacin da zai yi noma, kuma amfanin nasa ne. Idan aji shi ne gandu, to, manufar jinga ita ce ta zama gayaunar ɗalibi, wurin da zai gwada abin da ya koya ba tare da wani ya riƙe masa hannu ba. Babu kuma uban da yake yanka wa yaro gayaunar da ta fi ƙarfinsa.

8.0 Aikin da Ya Dace da Gidan

Wani zai iya cewa tun da haka abin yake, a daina ba da jinga ɗungum. Wannan ba mafita ba ce. Nazarin da Harris Cooper da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2006, wanda ya tattara binciken da aka yi daga 1987 zuwa 2003, ya nuna cewa dangantakar aikin gida da cin jarrabawa ta fi ƙarfi a sakandare fiye da firamare. Ɗalibin da zai fuskanci jarrabawar fita, balle wanda zai wuce jami'a, dole ne ya koyi zama da takarda shi kaɗai. Abin da ake bukata shi ne a rage yawa, a sauya iri. Ko ƙasar Sin, wadda ta yi suna wajen matsa wa ɗalibai, ta ƙayyade a 2021 cewa aikin rubutu na ƙaramar sakandare kada ya wuce minti 90 a rana.

Gidan manomi ba shi da ɗakin karatu, amma yana da abin da malamin Hausa yake koyarwa. Daidaitacciyar Hausa a kan karin harshen Kano aka gina ta, saboda haka ɗalibin Gezawa yana kwana yana tashi a cikin kayan darasinsa. Ana iya tura shi ya tambayo mahaifinsa bambancin gero da maiwa, da farafara da kaura, da aikin sungumi da na magirbi, ya rubuto da jimlolinsa. Ana iya tura ɗaliba ta rubuto waƙar daka ko ta reno daga bakin kakarta, ta faɗi lokacin da ake yinta. Ana iya cewa kowa ya kawo karin magana biyar da ya ji an yi amfani da su a cikin mako, tare da bayanin abin da ya jawo aka faɗe su, domin karin magana ba ta da rai sai a muhallinta. Sunayen garuruwa ma darasi ne. Tsamiya Babba da Gawo sunayen itatuwa ne, Zango kalmar fatake ce, Wangara kuma tana tuna wa mai nazari da Wangarawa, kuma dattawan kowane gari suna da abin da za su faɗa game da asalin sunan garinsu.

Irin wannan aiki yana da fa'idoji a bayyane. Ana tattara shi da baki, a gona ko a tsakar gida, rubutun kuma bai wuce rabin shafi ba, ana iya gama shi kafin magariba. Ba ya kwafuwa, domin kakar wani ba kakar wani ba ce. Yana mayar da uban da bai yi boko ba ya zama malami a idon ɗansa, maimakon mai kallo. Yana kuma cikin manhaja, tun da jarrabawar Hausa ta ƙunshi harshe da adabi da al'ada. An taɓa gwada wannan a ƙasar Ailan daga 1937 zuwa 1939, inda yara sama da 50,000 daga makarantu 5,000 suka rubuto tatsuniyoyi da al'adu daga bakin iyaye da kakanni da maƙwabta, aka tara shafi kusan 740,000 waɗanda masana suke amfani da su har yau. A ƙasar Hausa kuwa Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna da jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni cewa abin da yake bakin tsofaffi yana iya zama littafin aji.

Game da dubawa, aiki ɗaya gajere a mako wanda aka gyara ya fi guda biyar da aka sa wa hannu. Ana iya karanta wasu a gaban aji a gyara tare, a riƙa juyawa har kowa ya samu. Atisayen nahawu da na ƙa'idojin rubutu, waɗanda suke bukatar littafi da idon malami, a bar su a cikin makaranta, ko da za a ware musu rabin awa kafin a tashi, watau a dawo da firef cikin yini. Manyan ayyuka a kai su zango na biyu, a sassauta da damina da kaka. Maki kuma a ɗauke shi daga aikin da aka yi a gaban malami.

9.0 Kammalawa

An ga yadda aikin da aka tsara domin makarantar kwana ya wayi gari a gidan da ba a shirya masa ba, da yadda tambayoyin kwafe da rashin dubawa da neman maki suka raba shi da manufarsa. An kuma ga cewa jingar gona da makarantar allo da gayauna duk sun yi tarayya a kan sharuɗɗan da aikin makaranta ya saki, watau sanin iyaka da daidaita nauyi da komowa gaban mai dubawa. Abin da ya rage ya rataya ne a wuyan marubuta littattafan sakandare, waɗanda tambayoyinsu na ƙarshen babi su ne malamai suke ɗauka, da kuma kwalejojin ilimi da sassan Hausa na jami'o'i, inda ya kamata a koya wa malamin gobe yadda ake tsara tambayar jinga kamar yadda ake koya masa tsara darasi. Masu neman digiri na biyu da na uku kuma suna da fili a nan, domin littattafan aikin ɗalibai na makaranta guda a Jogana ko Tumbau, idan aka tattara na shekara ɗaya aka nazarce su, za su nuna abin da ake tambaya da abin da ake gyarawa fiye da yadda kowane rahoton ofis zai nuna.